Margit ya hana ni wucewa: wasan ne ya yi tsauri, ko hannuna ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Gardama ta ƙi ƙarewa a gidan gem na unguwarmu. Ni na ce wasan Elden Ring mugunta ce zalla, tunda babu wurin rage wahala kamar matakai huɗun da The Witcher 3 ya bayar. Abokina ya ce hannuna ne bai faɗa ba, kuma duk mai kiran mataimaki rago ne. Bos ɗin nan Margit ya kashe ni ya fi a ƙirga. Wa ke da gaskiya?
Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya yi daidai a maganar hannu, ya kauce a maganar mataimaki.

A yawancin wasanni masu matakai, in ka ɗaga mataki jinin abokin gaba ne ke ƙaruwa, dukansa ya ƙara zafi, amma faɗan shi ne dai. FromSoftware na Japan, da suka fitar da Elden Ring a 2022, a cikin dacewa da lokacin kauce wa duka suka ɓoye tasu wahalar. Margit zai ɗaga sanda ya riƙe ta sama kamar ya manta da ita. Kai kuma tsoro ya sa ka mirgina tun da wuri. To kariyar da mirgina ke bayarwa ba ta kai rabin daƙiƙa ba, sai sandar ta sauko daidai lokacin da kake miƙewa. Ka jira sai ta fara saukowa, ka mirgina zuwa gefensa, ba baya ba, don dogon makami mai ja da baya yake nema. Sara biyu ya isa. Na ukun nan na kwaɗayi shi ke cinye koren layin numfashi, ka rasa na gudu.

Sannan duba nauyin kayanka. Ƙasa da kashi 30 cikin 100 na nauyin da kake iya ɗauka mirgina mai sauƙi ce, zuwa 70 matsakaiciya, in ya haura 70 kuwa faɗuwar buhun gero za ka riƙa yi. Cire hular ƙarfe ko takobi na biyu da ba ka amfani da shi.

Maganar rage wahala kuma, akwai ta, ba a cikin saiti take ba ne. Bar Margit ka yi kudu zuwa Weeping Peninsula, akwai Sacred Tear uku a can masu ƙara wa kwalbar magani ƙarfi. Ka kai makaminka +3 a maƙerar Church of Elleh, ka zuba maki a Vigor, wato yawan jini, har kusan 20. Masu farawa sun fi son zubawa a ƙarfin duka, alhali a farkon wasa maƙera ce ke ƙara zafin sara.

Mataimaki ba abin kunya ba ne, waɗanda suka ƙirƙiri wasan ne suka ajiye shi. Amma akwai bambanci: in ka kira Rogier, wani mataimaki na cikin wasan, ta alamar da ke bakin ƙofar filin faɗan, jinin Margit zai ƙaru, in ruhohin toka (Spirit Ashes, ruhohin da ke taya ka faɗa) ka kira da ƙararrawa, ba ya ƙaruwa.

Inda zan ba ka gaskiya: maɓallin mirgina shi ne na gudu, don haka sai ka sake shi ake mirginawa, ba da ka danna ba. Kyamara ma takan haukace in an matse ka jikin bango. Sai talabijin ɗin gidan gem: in ba a kunna Game Mode ba, hoto na iso wa idonka a makare. Kafin ka sake biyan kuɗin awa, ka roƙi mai shago ya kunna.