Tambayoyin Masu Karatu: Mahaifinmu Ya Ajiye Kaki, Amma Ya Ƙi Zama Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu tsohon soja ne wanda ya yi ritaya da muƙamin ajidan, bayan ya yi aiki a arewacin Nijar lokacin tawayen Abzinawa na shekarun 1990, daga baya kuma aka tura shi Kodebuwa cikin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya. Tun da ya dawo Maraɗi bai huta ba. Kafin damina shi ne ke tara samari su yashe magudanun ruwa, idan ciwo ya kama wani cikin dare ƙofarmu ake bugawa, idan maƙwabta suka saɓa kan iyakar fili shi ake kira. Kuɗin fanshonsa ma rabi a kan mutane yake ƙarewa, har mahaifiyarmu ta fara ƙorafi. Yanzu kuma wasu samari daga ƙauyenmu na asali, wajen Madarunfa, sun zo suna roƙon ya shugabance su su kafa ƙungiyar tsaro saboda ɓarayin daji. Shin mu hana shi duk wannan, ko mu ƙyale shi? Daga wata mai karatu, unguwar Zariya, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya kuma saka masa da alheri. Abubuwa uku kika haɗa a wasiƙarki, kuma ba hukunci ɗaya gare su ba, sai dai zan fara da wanda na tabbata kun fi yi masa gurguwar fahimta, wato ƙin zamansa a gida.

Mutumin da ya shafe ƙuruciyarsa a bariki bai taɓa mallakar lokacinsa ba. Begila ke tashinsa, an san inda zai tsaya a fareti, an san wanda zai ba shi umurni da waɗanda shi zai ba wa, kuma idan ya makara da minti biyar akwai mai tambayarsa dalili. Ranar da ya miƙa kayan aiki ya karɓi takardar sallama, duk wannan ya yanke a lokaci guda, ya wayi gari babu mai jiransa a ko'ina. Da yawa daga cikin tsofaffin sojoji a nan ne suke karyewa: wani ya koma zaman majalisa daga safe har magariba, wani ya zama mai faɗa da iyali a kan abin da bai taka kara ya karya ba, wani kuma ciwo ya kwantar da shi cikin 'yan shekaru kaɗan. Mahaifinku ya samo wa kansa magani ba tare da kowa ya rubuta masa ba. Idan kika gan shi da sassafe ya naɗe ƙafar wando, ya raba wa samari shebur da baro, ya ce waɗannan su kama daga bakin masallaci, waɗancan kuma daga bakin famfo a haɗu a tsakiya, to aikin ajidan ne yake yi, kakin ne kawai babu. Ku hana shi wannan, ku ga yadda zai tsufa a gabanku.

Kuma aikin ba na banza ba ne. Maraɗi gari ne da ya san ruwa, domin ambaliyar gulbi ce a 1945 ta ci tsohon garin, har aka tayar da mutane zuwa kan tudu. Magudanar da shara da leda suka toshe ita ce ke mayar da ruwa cikin gidaje a watan Agusta, ita ce kuma ke tara sauron da ke cika ɗakunan yara a asibiti da masu zazzaɓin cizon sauro. Abin da Baba yake yi ma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Gayya ce irin ta kakanninmu, wadda gwamnatin Seyni Kunce, bayan ta hau mulki a 1974, ta raya da sunan samariya, inda matasan kowace unguwa suke gina azuzuwa, suna share tituna, suna dasa itatuwa. Mutanen zamanin mahaifinku a cikin wannan tarbiyya suka tashi, shi ya sa idanunsu ba sa jure ganin ƙazanta a ƙofar gida alhali ga majiya ƙarfi suna zaune suna shan shayi.

Maganar kuɗi kuwa mahaifiyarku ce ke da gaskiya. Ciyar da iyali wajibi ne, kyauta ga maƙwabci kuwa neman lada ne, kuma ba a barin wajibi a kama nafila. Sai dai kada ku tare shi gaba da gaba ku 'ya'ya, domin dattijon da ya saba ba da umurni ba zai ji daɗin 'ya'yan cikinsa su yi masa lissafin aljihu ba. Ku nemi wani amininsa, in da hali wanda suka yi aiki tare, ya ba shi shawarar cewa ranar da fansho ya fito a fara ware na hatsi, na magani da na makarantar yara a damƙa wa uwargida, abin da ya rage ya yi alherinsa da shi. Abin da ya fi wannan ma shi ne nauyin ya tashi daga aljihun mutum ɗaya ya koma kan unguwa. A kafa ƙaramar ƙungiya da sanin mai unguwa, a yi mata rajista kamar yadda dokar ƙungiyoyi ta 1984 ta tanada, kowane gida ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa, a sa ma'aji daban da shugaba, a kuma karanta lissafi a bainar jama'a. Ta haka idan mai naƙuda ta buƙaci mota cikin dare, asusu ne zai biya, ba tukunyar gidanku ba.

Batun samarin Madarunfa ne ya fi tayar mini da hankali, kuma a nan ba zan yi kwana-kwana ba: kada ya karɓa. Ba wanda zai musanta wahalar da mutanen Madarunfa da Gidan Rumji suke sha, na sace mutane don neman kuɗin fansa da kore dabbobi, balle tun 2019 da dubban 'yan gudun hijira suka fara kwararowa daga Zamfara, Sakkwato da Katsina. Amma daga can ɗin ne darasin ya zo mana. A Zamfara 'yan sa-kai sun fara da niyyar kare ƙauyukansu, sai aka koma kashe wanda ake zargi ba tare da shari'a ba, galibi makiyaya, ramuwar gayya ta biyo baya, wutar da har yau ba ta mutu ba. Saurayin da aka sace wa ƙanwa, aka ba shi bindiga, babu albashi, babu horo, babu kotun soja a kansa, ba kowane umurni zai bi ba, ko da na ajidan ne. Ranar da ɗayansu ya harbi wanda bai ji ba bai gani ba, sunan mahaifinku za a fara kira, ga shi kuma riƙe makamin yaƙi ba da izinin hukuma ba laifi ne ko ga wanda ya taɓa sa kaki. Abin da zai iya yi musu, wanda kuma ya fi kowa iyawa, shi ne ya haɗa su da jandarmomi da dakarun da ke yankin ta hannun mai gari, ya koya musu yadda ake kai rahoto mai amfani, wato mutum nawa aka gani, babura nawa, daga wace kusurwa, da ƙarfe nawa, ya kuma nuna musu yadda ake tsayar da jini da ɗaukar wanda ya ji rauni kafin a isa asibiti.

Akwai abu ɗaya da ba ki tambaya ba, amma ina so ku sa ido a kansa. Wasu daga cikin waɗanda suka ga yaƙi suna cika ranarsu da aiki ne don gudun abin da ke zuwar musu idan sun kwanta. Ki tambayi mahaifiyarku a asirce ko yana samun barci, ko yana firgita cikin dare, ko ƙarar fashewar taya tana sa shi zabura fiye da kima. Idan haka ne, akwai likitocin da ke duba irin wannan damuwa, kuma tana jin magani. A tafiya guda sai a auna masa hawan jini da sukari, domin a shekarunsa bai kamata ya riƙa shiga magudana da kansa yana ɗaga shebur cikin zafin watan Mayu ba. Ya tsaya a baki ya ba da umurni, samarin su yi haƙan.