Ƙwayar Gilashi Mai Jin Girgizar Samaniya

Tambaya daga Agege, Legas: Malam, yaya ƙwayar da haske ke riƙewa za ta gano igiyar nauyi (girgizar sararin samaniya) wadda saurin kaɗawarta ya fi ƙarfin LIGO, babbar na'urar gano irin waɗannan igiyoyi a Amurka?

Amsa: Ɗan'uwa, jin LIGO yana raguwa daga 'yan dubban hertz, wato kaɗawa dubbai a daƙiƙa ɗaya. Masana kimiyya biyu, Arvanitaki da Geraci, suka kawo dabarar a 2013: hasken leza tsakanin madubai biyu ya riƙe ƙwayar silika, wato gilashi, tana lilo. Da ƙarfin lezar ake saita saurin lilon, daga hertz dubu 10 zuwa dubu 300. In ya dace da na igiyar, motsin zai kumbura har a auna.

Abin da ke ɓata aikin, wanda ya fi damunmu, iska ce: ƙwayoyinta suna bugun silikar, dole a tsotse iskar. Hasken da ke warwatsuwa ma yana jijjiga silikar, shi ya sa mai siffar faifai ta fi dunƙulalliya, don ba ta warwatsa haske sosai.