Tambaya da Amsa: An Kulle Mini Taya, An Ce Sai Na Biya Tara

Wasiƙun wannan mako duk a kan rigimar fakin ne a Abuja. Lauyoyin wannan shafi ne suka amsa, inda kuma magana ta shafi ƙarfe da giya an tuntuɓi bakanike.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ajiye motata a gefen titin Aminu Kano da ke Wuse II, na shiga kanti kamar minti goma. Fitowata ke da wuya na tarar an maƙala wa tayar gaba ƙarfe. Wasu samari uku masu riga mai ƙyalli suka ce su ma'aikatan kamfanin fakin ne, ko in biya N25,000 ta POS ko su kira janwe. Na biya, ba su ba ni rasit ba. Suna da wannan hurumin? Kuɗina zai dawo? (Malam M., Kubwa)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abu biyu ne masu rigar ƙyalli suka cakuɗa maka da gangan: kuɗin fakin daban, tara daban. Kuɗin fakin haya ce, ka ajiye mota a fili ka biya kuɗin awa ɗaya ko biyu. Tara kuwa hukunci ne, shi kuma hukunci sai da laifi. Sashe na 36(12) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba a kama mutum da laifi sai in rubutacciyar doka ta bayyana laifin, ta kuma faɗi hukuncinsa. Wannan sashen na 36 ne ya ba ka haƙƙin a saurare ka kafin a yanke maka hukunci. Kamfani ba kotu ba ne. Wanda ya zarge ka, ya yanke hukunci, ya kuma miƙo na'urar POS a tsaye a bakin titi, ya haɗa aikin ɗan sanda da na alƙali da na ma'aji a jikinsa shi kaɗai.

Abuja ta daɗe da wannan taƙaddama. Tsarin karɓar kuɗin fakin a gefen titi da ake kira Park and Pay, wanda aka ba kamfanoni kwangilarsa, Babbar Kotun Birnin Tarayya ta soke shi a watan Afrilun 2014. Mai Shari'a Peter Affen bai ce tsarin ba shi da amfani ba. Cewa ya yi babu dokar da ya tsaya a kanta. Daga baya aka fitar da ƙa'idojin fakin na 2019, a 2023 hukumar gudanar da Birnin Tarayya, wato FCTA, ta sake sa hannu da kamfanoni, sai kuma a watan Agustan 2024 Ministan Abuja Nyesom Wike ya faɗa wa 'yan jarida cewa tsarin haramtacce ne, yana ƙorafin cewa 'yan kwangila na kwashe kashi 80 su bar wa gwamnati 20. Abin da ya tashi ya faɗi har haka, ba a yarda da shi a baki. Duk wanda ya ce gwamnati ce ta aiko shi, sai ya nuna takarda mai kwanan wata.

In haka ta sake faruwa, kafin ka buɗe baki ka fara buɗe kyamarar wayarka. Ɗauki motar daga nesa yadda za a ga layin titi da gine-ginen da ke kusa, sannan ka ɗauki tayar da ƙarfen a kusa. Ka juya hagu da dama ka ɗauki inda ya kamata a ce akwai allon hana fakin ko na farashi. Rashin allo shi ne babbar hujjarka, kuma hujja ce mai saurin ɓacewa, don washegari ana iya kafa shi. Daga nan sai tambayoyi, cikin ladabi, ba da ɗaga murya ba: katin shaidar aiki, sunan kamfani, hukumar da ta ba su izini, da sashen dokar da aka ce ka karya. Sai ta ƙarshe, wadda ke raba aya da tsakuwa: wane asusu kuɗin zai shiga?

Da aka tilasta asusun bai-ɗaya a 2015, kuɗin hukumomin tarayya ta dandalin biyan kuɗi na Remita aka riƙa biyansa. A Remita ana ba ka lambar biya da ake kira RRR mai alƙaluma 12, kuma kafin ka danna biya za ka ga sunan hukumar da dalilin biyan. In aka ce ka yi tiransifa zuwa asusu mai sunan mutum, ko aka kai ka wurin mai POS na ƙarƙashin lema, to ba baitulmali kuɗin ya nufa ba. Haka in farashin ya sauka daga 25,000 zuwa 10,000 bayan an ɗan yi ciniki. Tara ta gaskiya ba ta da "nawa za ka bayar".

Game da kuɗinka, akwai hanya, ko da yake ba za mu yi maka romon baka ba. Takardar da POS ya fitar, ko saƙon alat, ko bayanin asusunka daga banki, za su nuna sunan wanda ya karɓa da lambar na'urar da lokaci. In sunan kamfani ne, ka bincika shi a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka rubuta masa wasiƙa: rana, wuri, lambar mota, adadin kuɗi, da wa'adin kwana bakwai ya mayar. Ka aika kwafi ga Sakatariyar Sufuri ta FCTA a Area 11, Garki. Kowace wasiƙa ka yi ta biyu, a buga wa taka hatimin karɓa. Wasiƙar da ba hatimi a kwafinta, gobe za a ce ba a gan ta ba. In kuwa sunan wani mutum ne ya fito, magana ta koma ƙwace da barazana a ƙarƙashin sashe na 291 na dokar Penal Code, wurinta ofishin 'yan sanda ne.

Tambaya: Barka da aiki. An ja motata Corolla mai giyar otomatik daga Garki ranar Juma'a da yamma, ban samu fitar da ita ba sai Litinin, aka caje ni kuɗin ja da kuɗin kwana uku. Tun da ta dawo giya ke fizga, bamba kuma ta tsage. Sun ce da ma haka take. Ya zan yi? (Hajiya R., Gwarinpa)

Amsa: Sannu da haƙuri, Hajiya. Bakanike ya ce a fara da tambayar yadda aka ɗauki motar. Corolla irin tamu da tayoyin gaba take tafiya. In janwe ya ɗaga gaba ya bar baya a ƙasa, giya ba ta wahala, sai dai birkin hannu in yana ja. Amma in an shiga da hanci an yi fakin, masu janwe kan ɗaga ta baya don shi ne ya fi musu sauƙi, su bar tayoyin gaba suna jan ƙasa. Nan ɓarnar take. Giyar tana kan P, akwai wani ɗan haƙorin ƙarfe a cikin giyabos da ke riƙe da ita. Jan ƙarfi na iya karya shi ko lanƙwasa shi. Ko da an samu an mayar da ita N, famfon man giya ba ya aiki sai inji na kunne, don haka kayan ciki za su yi ta juyawa ba mai, su yi zafi, su cinye. Mota mai jan tayoyi huɗu kuwa ba ta da magani sai a ɗora ta ɗungurungum a bayan janwe mai shimfiɗa.

Ki daina tuƙa ta tukuna. Ki kai ta gareji mai rajista wanda ke da takarda mai kan suna, a sa mata kwamfuta, a duba man giyar: in ya yi baƙi yana warin ƙuna, ko aka ga ɓurɓushin ƙarfe, a rubuta, a ɗauki hoto. Ki karɓi rahoto da ƙiyasin kuɗin gyara masu kwanan wata. Ki nemo rasit na sabis ɗin ƙarshe da duk wani hoton motar na kwanakin baya. Da su za ki rushe "da ma haka take". A bamba kuma sabuwar tsaga ba ta ɓuya, bakinta fes yake ba ƙura, galibi daidai inda sarƙa ko ƙugiya ta kama.

Ga sauran masu karatu: a duba mota a cikin harabar da aka tsare ta, kafin a sa hannu a takardar fita. Da yawa cikin takardun nan akwai layin da ke cewa an karɓi mota lafiya ƙalau. In akwai lahani, a rubuta shi da biro a jikin takardar kafin sa hannu. Kuma shawararmu a kullum ita ce a fitar da mota tukuna, a yi rigima daga baya, tunda kuɗin kwana ba ya jiran a gama gardama, ga batir da madubi da kan yi ƙafa. Sai dai a rubuta a jikin rasit cewa an biya ne ba da yarda ba. Kalmomin da lauyoyi ke sawa su ne "paid under protest". Wannan ɗan layi yana toshe bakin mai cewa biyan da kika yi amsa laifi ne.

Kuɗin kwanan Asabar da Lahadi ki ƙalubalance shi musamman. In ofishinsu a rufe yake ranakun nan, ba ke kika ƙi zuwa ba.

Kada ki yi sanyin jiki in akwai hannun hukuma a ciki. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku ne kacal a shigar da ƙara, kuma lauyoyin gwamnati da ita suke fara buɗe baki. Ki kuma faɗa wa lauyanki ko su wane ne suka ja motar, domin a watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, ta bakin Mai Shari'a Evelyn Maha, ta ce jami'an duba lafiyar motoci, wato VIO, ba su da ikon tare mota, ko kama ta, ko ɗora wa direba tara.

Tambaya: Ina da shago a wata plaza. Kamfanin da ke kula da fakin ya turo mini saƙo cewa yana bi na N60,000, tarar kwana da mota a harabar sau uku. Sun ce in ban biya cikin awa 48 ba za su turo 'yan sanda, su kuma baza sunana da lambar motata a zauren WhatsApp na 'yan kasuwa. (Alhaji S., Utako)

Amsa: Ranka ya daɗe, kwantar da hankalinka, amma kada ka yi biris da saƙon. Nan fili ne na mai shi, don haka maganar yarjejeniya ce. Ɗauko takardar hayar shagonka da dokokin plaza ka karanta. In an rubuta kuɗin kwana da mota ka kuma sa hannu, ko akwai allo a ƙofa da kowa ke gani kafin ya shiga, to suna da abin riƙewa, bashi ne kamar kowane bashi. In ba a rubuta ko'ina ba, ba a ƙirƙiro sharaɗi bayan an gama ciniki. Ko da an rubuta, kotu kan duba ko adadin ya yi daidai da asarar da za a iya yi, ko kuwa an sa shi ne don tsoratarwa.

Batun 'yan sanda kurari ne. Sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da sashe na 8(2) na dokar shari'ar laifuka ta 2015 sun hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya. In duk da haka aka gayyace ka, ka je da lauya ko wani dattijo, ka faɗa a rubuce cewa rigimar kuɗi ce tsakaninka da kamfani. Baza sunanka da lambarka kuwa ya ci karo da Dokar Kare Bayanai ta 2023, kana iya kai su hukumar kare bayanai ta NDPC, in kuma ƙarya suka yaɗa akwai ƙarar ɓata suna.

Ka ɗauki hoton saƙon kafin su goge. Ka amsa sau ɗaya, a rubuce, gajere: ba ka yarda da bashin ba, su kawo ranaku, da hujjar shiga da fita, da sharaɗin da suka dogara da shi. Kada ka ba da "wani abu" don a yi shiru, biyan rabi kan zama shaidar ka amsa duka. Tunda maƙwabtaka ce ta yau da gobe, shugabannin plaza su fara zama a kai. In ta ƙi, akwai zauren sulhu na Babbar Kotun Abuja, akwai kuma hukumar FCCPC mai kare masu saye.

Abin da ba a wasa da shi shi ne sammacin kotu na gaske, mai lambar ƙara da hatimi da ranar zama. In ya zo ka je, don in ba ka je ba za a iya yanke hukunci a bayan idonka.

Tambaya: Tikitin fakin ya ɓace mini a wani babban kanti, aka ce sai na biya kuɗin yini guda. Daidai ne? (Malama H., Lugbe)

Amsa: In an rubuta haka a allon ƙofa ko a bayan tikitin, daidai ne, Malama. In ba a rubuta ba, ki nemi manaja ya duba kyamara ko littafin ƙofa ya caje ki awannin da kika yi. Za su nemi takardun mota kafin su buɗe miki, kada ki ji haushi, don kada ɓarawo ya fita da ita ne. Ki kuma sani tikitin ba inshora ba ne: a 2002 Kotun Ƙoli ta wanke wani otal a Owerri da aka sace motar baƙo a harabarsa.

Tambaya: In na tabbata ba su da gaskiya, zan iya kiran mai walda ya yanke ƙarfen? (Wani direban tasi, Nyanya)

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Ƙarfen kayan wani ne, yanke shi ɓarna ce a sashe na 326 na Penal Code, sai mai gaskiya ya kwana a caji ofis, masu ƙarfen su zama masu ƙara. Kada kuma ka gwada tuƙawa da shi, zai murɗe rim ya tsinke tiyon birki. Ka zauna kusa da motarka, ka ɗauki bidiyo, ka kira 112 ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, ka sanar da shugaban tasharku. Ka rubuta lokacin da aka kulle da lokacin da aka buɗe, tare da abin da ka saba samu a awa. Da wannan lissafin ake neman diyyar aikin da aka hana ka.