Nana Asma'u: wa ta aura, kuma ina zuriyarta?

'Yar'uwa, kin tambaya ko Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta yi aure, ko karatu kaɗai ta sa a gaba. Ta yi aure, kuma ba ƙaramin gida ta shiga ba.

An haife ta a Ɗagel wajajen 1793, tagwaye ne ita da Hassan, mahaifiyarsu Maimuna. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka wahalar jihadi da idonta ta gan ta. Mijinta shi ne Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello kuma wazirinsa. Ɗansu Abdulƙadir ya gaji wazircin, kuma daga tsatson Giɗaɗo da Nana ne Wazirin Sakkwato Junaidu ya fito.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne yadda ba ta bar ilimin gidansu ya tsaya a zaure ba. Ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar ilimantar da mata. Takan zaɓi dattijuwa mai kamun kai, ta naɗa ta jaji, wato jagorar matan, ta ɗora mata malfa, ita kuma ta koma ƙauye tana koya wa mata addini da waƙoƙin da Nana ta tsara. Da Larabci da Fulatanci da Hausa take rubutu, kowa da harshen da zai gane.

Ta rasu a 1864, an binne ta a Hubbare, Sakkwato, kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Allah ya jiƙan su.