Tambaya da Amsa: Tsallaka titi a gefen gada

Tambaya: Malam, wai dan Allah laifi ne mutum ya tsallaka titi ba ta kan gadar ƴan ƙafa ba? Jami'in hanya ya tsare ƙanina alhali babu mota ko ɗaya a kusa.

Amsa: To ɗan'uwa, ya danganta da ƙasa. A Birtaniya babu dokar da ta hana ka tsallakawa inda ka ga dama, sai dai a manyan hanyoyin motoci zalla, amma a Singafo da Jamus ana iya cin ka tara. Jihar Kaliforniya ta Amurka ma daga 2023 ta hana ƴan sanda kama mutum don ya tsallaka titi sai in ya jefa kansa cikin haɗari.

Ni dai ina ganin jami'in bai yi laifi ba, don inda aka gina gada motoci gudu suke sosai kuma ido na yaudarar mutum, ka hango mota can nesa ka ce ai zan wuce, kafin ka kai tsakiya ta iso, ga shingen tsakiya sai ka tattare riga ka haura. Amma fa hukuma ma da nata, gada mai matakala tsaye tsoho ko mai keken guragu ta ina zai hau?