Barkwanci a jawabi kan muzanta masu ƙiba: wa za a yi wa dariya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare. An ba ni in yi jawabi ranar 4 ga Maris, Ranar Ƙiba ta Duniya, kan yadda ake muzanta mutane saboda girman jikinsu. Malaminmu ya ce in sa barkwanci kada jama'a su yi gyangyaɗi, ni kuma ina tsoron in ɓata wa wani rai. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Malaminku yana da gaskiya. Wanda ya yi dariya ya saki jikinsa, kuma maganar da zai ƙi ji in an faɗa masa da faɗa, sai ta shige shi ta hanyar raha. Abin lura shi ne wanda dariyar za ta faɗa kansa.

Dubi wasan taubasai, ko na Fulani da Barebari, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa irinsa na Nijar cikin al'adun gado na duniya a 2014. Abin da ya sa ba ya zama gaba shi ne kowa na da damar ramawa. A zauren jawabi kuwa ke kaɗai ke riƙe da makirufo. Yarinyar da ake kira "lukuta" tun firamare tana zaune a ciki, ba ta da bakin ramawa. In kika yi wasa da teɓa ko da kujerar da ta karye, za a ƙyalƙyale, amma kowa zai waiwayo ya kalle ta. Wannan ina roƙonki ki guje shi, ko da jikinki ne kike zolaya, domin mai irin jikinki ma da ita ake.

Ki juya dariyar kan halinmu. Ga gwaggon da za ta tare ki a gidan biki ta ce "Ke kam ƙibar nan ta yi yawa," sannan ta ƙara miki malmala biyu ta rantse sai kin cinye. Ita ce kuma za ta tambayi amarya siririya ko mijin ba ya ciyar da ita. Kowa ya san irin wannan gwaggo, wasu ma su ne ita.

Da zarar dariya ta lafa, ki ɗan yi shiru, sannan ki kawo mai nauyin. Ki ce gorin rama ne ke tura 'yan mata shan maganin ƙara ƙiba da ake kira "sha ka fashe", wanda ake samun irin su dexamethasone a ciki, maganin da ke kumbura fuska ya jawo hawan jini da ciwon sukari in an daɗe ana sha. Ki ƙara da ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na da ƙiba mai yawa.

Barkwanci biyu sun isa a jawabin minti biyar. Kafin ranar, ki karanta wa wata ƙawarki mai jiki, ki kalli fuskarta sosai lokacin da kika zo wurin wasan. In murmushin yaƙe ta yi, ki cire shi.