Hoton kai ya fito lafiya, amma yana jin muryoyi

Tambaya daga Garwa: Ƙanena ɗan shekara 22 ya fi wata takwas yana jin muryoyi, yana cewa ana bin sa. Likita ya ce sikizofiraniya ce, wani nau'in taɓin hankali, amma da muka yi sikana, hoton ya fito lafiya lau. Yanzu 'yan gida sun ce ashe iskoki ne, a bar magani. Ina gaskiyar take?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Don Allah kada ku bar maganin.

Cutar tana taɓa ƙirar ƙwaƙwalwa, wannan tabbas ne. Tun 1976 Eve Johnstone da abokan aikinta a Ingila suka nuna cewa ramukan ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa sun fi faɗi a wajen masu ita. Daga baya aka ga hifokamfus, sashen da ke adana abin da mutum ya gani ko ya ji, ya ɗan ƙanƙance, ɓawon ƙwaƙwalwa ta goshi da ta wajen kunne kuma ya rage kauri. Masu ciwon da ke kai mutum daga zumuɗi zuwa baƙin ciki mai tsanani ma ana ganin irin haka gare su, sai dai bai kai wannan ba.

Amma bambancin kaɗan ne ƙwarai, sai an gwada rukunin marasa lafiya da rukunin masu lafiya yake fitowa. Kamar tsayi ne: maza sun fi mata a jimla, amma tsayi kaɗai ba ya gaya miki namiji ne ko mace. Masana na ganin ainihin tangarɗar tana mahaɗar jijiyoyi da dofamin, sinadarin da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi, sikana kuwa ba ta ganin su. Ana yin hoton ne don a tabbatar babu ƙari, ko jini da ya taru bayan faɗuwa a babur. Cutar kanta da tambayoyi da lura da halin mutum ake gane ta.

Magunguna irin su halofaridol da risfaridon kan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin muryoyin su lafa. In jikinsa ya sandare, ko hannu na rawa, ko yawu na zuba, ku koma a daidaita masa, akwai maganin hakan. In yana ƙin ƙwaya, akwai allurar wata-wata. Ya nisanci wiwi da tramol, domin suna tayar da ciwon. Addu'a kuwa ku ci gaba, ba ta hana magani, amma ban da mari da duka.

Zazzaɓi mai zafi, farfaɗiya, sanƙarewar wuya, shanyewar ɓarin jiki, ko ya fara maganar kashe kansa, wannan asibiti ne a ranar.